Layin Wutar Da Ba Zan Sauke Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ka, ɗana na fari. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a kujerar mota ka buɗe ta ko a masauki. Allah Ya tsare hanya, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sauke ku Fatakwal lafiya. Ka gaishe mini da kawunka Lawal, ka ce na gode da ya yarda ya zaunar da kai a rumfarsa ta tumatir. Allah Ya bar zumunci.

Ni na sa mahaifiyarka ta tura takardar nan can ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san hannunka ba zai kai wurin ba sai yunwa ta taɓa ka, wato kun riga kun bar Zariya a baya. Da gangan na yi. Kai ɗan fari ne, kuma sunan Babana aka sa maka, ko sunan nan ban taɓa kira da bakina ba, balle in zaunar da kai in buɗe maka cikina. A takarda kuwa kunyar ba ta kama ni sosai, saboda haka ka gyara zama.

Shekaranjiya ka shigo ɗakina ka durƙusa, ka yi magana mai tsawo kanka a sunkuye. Da ka fita mahaifiyarka ta maimaita mini abin da ka ce. Wai kana roƙo in bari ka kafa tsani ka sauke layin wutar da na ja zuwa ɗakina kafin ka tafi, don a zauna lafiya da Baffanka Audu. Wai ba ka so ka yi nisa ka bar gida a hargitse saboda waya da sifika.

Amsata ita ce a'a. Ba za a sauke shi ba. Ba kai ba, ba Baffanka ba, ba wanda zai taɓa shi ina numfashi. Na san abin da Yaya Audu ya faɗa, ai a gabana ya faɗa: ko layin nan ya sauka, ko a raba gandu kafin a shiga saran rake. Na ji, na auna, ban canza ba. Amma tunda ka kai munzalin da za ka ba ni shawara, ka kai munzalin da za ka san yadda abin ya faro, da wuraren da na yi wauta, don kada ka maimaita su a garin mutane.

Duk Gubuchi an san ni da son sauti tun ina saurayi. Da aka kawo mana lantarki, wani ya sayi fanka, wani ya sayi talabijin, ni kuwa na hau mota zuwa Zariya na ɗauko amfilifaya da sifiku biyu na katako, tsofaffi, kowace nauyinta ya kusa buhun masara. Tun ranar aka laƙaba mini Isuhu Sifika. Su a ganinsu zagi ne. Ni ko a masallaci aka kira ni da shi amsawa nake yi, har in ɗaga hannu. Wani yana son doki, wani yana son tattabaru, ba wanda ya ce musu komai. Ni abin da nake so shi ne in ji karatu yana fita tas, in ji inda mai karatu ya ja numfashi, in ji kalangu kamar makaɗin yana bakin ƙofa. Ban ga abin kunya a ciki ba, kuma har gobe ban gani ba.

Ranar da na kawo kayan na jona su a soket ɗin bayan gado, na sa kaset ɗin tafsiri. Murya ta fito garau, har na ji tsigar jikina ta tashi. Ba a jima ba sai wani gurnani ya shigo ƙarƙashin muryar, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Ya yi shiru, ya dawo. Wani lokaci sai ka ji ƙas, kamar an karya kara. Nan take na yanke hukunci cewa an cuce ni, an sayar mini da matacciyar amfilifaya. Na naɗe ta a bargo, na ɗaure a bayan babur, sai Ikara wurin mai gyara. Ya jona, ta yi magana lafiya lau. Na dawo gida, gurnani ya dawo. Na sake komawa, ta sake yi mini ƙarya a gabansa. A zuwa na gaba sai da na tara masa jama'a a bakin shago, ina cewa ya san abin da ya lalace yana ɓoyewa. Mutumin nan, Allah Ya saka masa, bai biye mini ba. Ya bari na gama huci, sannan ya tambaye ni me da me ke kan layin gidanmu.

Na fara lissafa masa, ina lissafi jikina yana sanyi. Injin markaɗen Hanne matar Baffanka, mai amfani da wuta. Firizarta ta ƙanƙara da zoɓo. Famfon rijiya. Duk a kan waya ɗaya, wadda ta taso daga mita a zaure, ta bi sashen Yaya, ta bi ta madafi, ta zagaya, sannan ta iso ɗakina. Ni ne wutsiya. Duk abin da suka ci suka rage, da duk dattin da injinan nan suka zubo a cikin wutar, shi amfilifayata take sha. Ita lafiyarta ƙalau.

To ka ji. Idan abu ya ɓaci a rumfar kawunka, kada ka damƙi wanda ya fi kusa da hannunka ka ɗora masa. Tsaya ka duba me da me suka haɗa hanya da shi. Kuma in ka tara wa mutum jama'a bisa kuskure, ka koma ka ba shi haƙuri a gaban jama'ar, ba a lungu ba. Ni damin rake na kai masa ranar kasuwa, na faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

Daga nan sai na yi wautar da ta fi waccan. Na ce ai jan waya ba wani abu ba ne, ina da hannu ina da filaya. Na sayo siririyar waya irin ta kwan fitila, na saƙala ta ƙarƙashin kwano, inda ta gaza na murɗa wata na ɗaure da leda. Lokacin kana makaranta a Kudan, ba ka ga wannan ba, kuma na hana a gaya maka. Ta yi aiki har damina ta sauka. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, mahaifiyarka ta taso daga wurin wanki hannunta a jiƙe, ta kama ƙofar ɗakina ta ƙarfe. Wuta ta ɗauke ta ta maka da ƙasa. Na fito a guje na same ta zaune cikin taɓo tana kallon tafin hannunta. Ba ta yi kuka ba, ka san halinta. Ta dube ni ta ce, "Malam, in kashe ni za ka yi, ka bari in shanya wankin nan tukuna."

Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi. Da ƙanwarka ce ta kama ƙofar nan, da wani labarin ake yi. Aikin da ba ka iya ba, musamman na wuta, kira wanda ya iya, ko da zai yi maka dariya. Ɗakin da za ka kama a can, kafin ka shimfiɗa tabarma ɗaga kai ka dubi wayoyinsa. In ka ga haɗi da leda, ko soket ya yi baƙi, ka ce a gyara ko ka nemi wani. Kada ka ce ai kwana kaɗan ne.

A ranar na tsinke wayar nan na jefar, na aika Makarfi aka kira Sale mai wayarin. Shi ya yi aikin da kake gani yanzu, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda nake alfahari da rumbuna. Waya mai kauri, jan ƙarfe zalla, a cikin bututu, tun daga mita har ɗakina ba haɗi ko ɗaya. Akwatinta daban, birekarta mai katse wuta daban. Soket ɗin da ta ƙare a kansa ba a jona masa komai sai kayan sauti, shi ya sa na taɓa korar ka da ka zo sa cajin wayarka, ka fita kana ƙunƙuni. Sannan ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya kafa dogon ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya ɗaura masa waya ta uku, ya ce ta nan duk wata wuta da ta ɓata hanya za ta bi ta shige ƙasa, ba ta jikin mutum ba. Da muka kunna, Hanne tana tsakiyar markaɗe, firiza tana aiki, amma a ɗakina ko ƙuda ba ka ji. Na zauna a bakin gado ina ta saurare.

Da rani ya yi nisa gurnanin ya ɗan leƙo. Sale ya ce ƙasar ce ta bushe, ƙarfen yana son laima. Shi ke nan na mai da wurin alwalata can. Abin da kuke gani ke nan kuna dariya, ku da 'ya'yan Baffanka, wai Baba yana yi wa ƙarfe ban-ruwa ko zai tsiro. Ku yi ta dariya. Alwalar dai dole ce, ruwan ma dole ya zuba a wani wuri, na zaɓa masa inda zai yi amfani.

Yanzu bari in zo inda na taka Yaya, don na taka shi, ba na musu. Ka san mitar gidan nan a zaure take, daidai saman inda yake zama ya karɓi baƙi. Ranar da Sale ya kafa akwatin nan na biyu, Yaya ya tafi Kurmin Kogi ta'aziyya. Ban jira shi ba, ban gaya masa ba, zumuɗi ya rufe mini ido. Ya dawo da yamma tare da wasu dattawa, suka zauna, ɗayansu ya ɗaga kai ya ga akwati biyu a bango ɗaya. Sai ya ce, "A'a, Malam Audu, ashe kun raba? Ba mu ji ba."

Kai ka tashi a gidan nan amma ban tabbata ka san nauyin wannan magana ba. Tun da Baba ya rasu, gonarmu ɗaya, rumbunmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Gidaje nawa aka watse a unguwar nan kafin a yi sadakar arba'in, mu muna nan. Wannan shi ne abin da Yaya yake taƙama da shi a duniya, ba shi da wani. A gandu ko akurkin kaji za ka gina sai mai gida ya sani. Ni kuwa na kawo baƙo daga Makarfi ya huda bangon zaurensa yana can wurin ta'aziyya. Washegari na je na durƙusa na ba shi haƙuri, kuma da zuciya ɗaya na ba shi. Na ce na yi laifi da ban fara sanar da shi ba. Ya ce to a cire. Na ce a nan ne ba mu daidaita ba, haƙurin da na bayar na rashin sallama ne, ba na layin ba.

Ka riƙe wannan. Duk abin da za ka yi a rumfar kawunka, ko kusa za ka buga, fara gaya masa. Babba ya ji a bakinka kafin ya ji a bakin baƙo. Amma sanarwa daban, sallama haƙƙinka daban. Kana iya durƙusawa har ƙasa ka ce a'a.

Abin da ba ka sani ba, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne wannan: kunnuwana sun tafi. Na hagu ya mutu murus, na dama saura kaɗan. Injin matse rake ne ya cinye su. Shekara da shekaru ina tsaye a gefensa lokacin mazarƙwaila, daga fitowar rana har faɗuwarta, in na dawo gida kaina yana ta kuka, ina cewa ai gajiya ce. Ko auduga ban taɓa tusawa ba, don kada samari su ce Isuhu ya zama mace. Kasuwar da za ka zauna an ce janareto ya fi mutane yawa. Toshe kunnenka, wanda zai yi dariya ya yi.

Da abin ya fara, sai na ɓoye. Wannan ma wauta ce. Ana magana ina gyaɗa kai ina cewa to, to. A taron suna in ga an yi dariya in yi. Na koyi kallon leɓe kamar ɓarawo. Mahaifiyarka ce kawai ta gane, ita ce ta zama kunnena, ta jira mutum ya fita ta matso gefen dama ta maimaita mini. Mutane suka fara cewa Isuhu ya yi girman kai, ana gaishe shi ba ya amsawa. Da na faɗa tun farko da ban tara wannan baƙin jinin ba. In wani abu ya same ka a can, ciwo ko damuwa, faɗa wa kawunka tun yana ƙarami.

Ga yadda abin yake. Ragowar kunnen da ya rage mini ba ya iya raba murya da hayaniya. In akwai gurnani ƙarƙashin magana, gurnanin kawai nake ji. In na ƙara sauti, shi ma ya ƙaru. Amma a kan layina, da babu datti ko kaɗan, ina murɗa amfilifaya in zauna gefen sifikar dama, in ji kowane harafi. Wuri ɗaya ke nan a faɗin duniyar nan da har yanzu ni mai ji ne. Da farko don sha'awa na ja layin, ban ɓoye ba. Yanzu kuwa shi ne kunnena.

Na je asibiti a Zariya, kada ka ce ban nema ba. An ba ni ɗan abin saƙalawa a kunne. Fito kawai yake yi mini, in iska ta kaɗa kamar ana yaga zani a cikin kaina. Yana cikin kwalla, in kana so ka gani. Hanne, Allah Ya yi mata albarka, ta zo da kanta ta ce za ta riƙa kashe inji da firiza duk lokacin da zan saurara, in koma kan layin gida a huta. Na ce sam. Da injin nan take rufa wa kanta asiri, wutar ma sai sun ga dama suke kawowa, ba zan sa ta zauna hannu a naɗe don in ji rediyo ba. Kada ka taɓa barin wani ya sa bakinsa a kan matar nan, ba ruwanta.

Da maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Liman ya zaunar da mu a zaure bayan la'asar. Na ce zan sa Sale ya ɗauke akwatin ya mai da shi ciki inda baƙo ba zai gani ba. Yaya ya ce yanzu ba maganar akwati ba ce, ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa layi zai sauka, kuma in yau aka ba ƙane layinsa, gobe 'ya'ya za su nemi rumbunsu. Na fahimce shi. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Sai na haɗiye girman kaina na gaya masa abin da na gaya maka yanzu, a gaban Liman. Na ce Yaya, kunnena ya mutu, da layin nan nake ji.

Na zuba wa bakinsa ido don kada kalma ta wuce ni. Ya ce, "Baba ma ya kurmance, bai ja waya ba. Haƙuri ya yi."

Ka san kakanka a tsufansa, amma kana ƙarami. Ni na san shi lokacin da in ya yi magana a zauren nan har bakin kasuwa ana jiyo shi. Mutum mai son hira, mai ba'a, ba a taro ba shi. Da kunnensa ya tafi, sai aka shimfiɗa masa buzu a kusurwa. Ana shawara a kan gonarsa yana zaune ba a waiwayarsa. Baƙo ya shigo ya ɗaga masa hannu ya wuce. Jikoki su zo su yi ta motsa baki a gabansa ba sauti, yana murmushi yana sa musu albarka, suna ƙyalƙyala dariya. Ni da kaina na gaji da ɗaga murya, na koma yi masa nuni da hannu kamar ana kora akuya. Ranar da zai cika, Inna ta sunkuya tana yi masa magana a kunne, tana yafe masa tana neman yafiya, idonsa yana kan rufin ɗaki, bai san ma tana yi ba. Wannan shi ne haƙurin da Yaya yake so in yi.

Na ce masa, "Baba bai samu layin da zai ja ba. Ni na samu. Ba zan hau buzun nan ba."

Na yarda da ƙaddara, kada wani ya ce maka ubanka ya yi wa Allah tawaye. In Ya ɗauke ragowar kunnen gobe, alhamdu lillahi. Amma Shi bai ɗauke ba tukuna, kuma ba zan miƙa shi da hannuna don wani dattijo ya ɗaga kai ya yi tambayar banza ba.

Jiya da safe, bayan kun gama ɗaure kayanka, na je na sami Yaya na ce ya sa rana. Ya sa Asabar. Za a ja igiya a fadama, a raba rake tun yana tsaye. Mahaifiyarka ta riga ta tattaro duwatsun murhu ta jera a bayan ɗakinta, ta rufe da tsohon buhu don kada ka gani. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo. Mutumin nan shi ya goya ni, shi ya koya mini riƙon fartanya, shi ya je nema mini auren mahaifiyarka. Da na fito daga zaurensa na zagaya bayan ɗaki wurin alwala na yi kuka kamar yaro. Na wanke fuskata, kuma ban koma na janye ba.

Wannan faɗan nawa ne, ba naka ba. Baffanka ubanka ne har abada. In ka zo gida, zaurensa za ka fara shiga. In ka samu abin aikowa, nasa ya riga nawa. 'Ya'yansa 'yan'uwanka ne, wanda ya zo Fatakwal a cikinsu ka ba shi gefen tabarmarka. In na ji ka ɗaure masa fuska saboda ni, ni da kai ne.

Saura magana ɗaya, ita ce na yi ta kewaye-kewaye ina gudu.

Mahaifiyarka ta ba ka tarbiyya, har ta yi yawa. Tun da ka girma ba ka taɓa yi mini magana a tsaye ba. Ka shigo, ka durƙusa daga nesa, ka sunkuyar da kai, ka yi ƙasa da murya. Kowa yana yaba mini kai. Amma ni leɓe nake karantawa, kai kuwa ƙeyarka kawai nake gani. Gaisuwarka ta safe, shawarar da ka kawo a kan taki, ranar da ka zo ka ce kana son tafiya, roƙon da ka yi shekaranjiya, duk a bakin mahaifiyarka na ji su. Muryar da na sani taka ta yaro ce, lokacin kana bin awaki kana ihu. Tun da ta buɗe ta zama ta namiji ban ji ta sosai ba. Ina zaune da ɗana a gida ɗaya, ban san yadda yake magana ba. Kuma ba zan iya cewa ɗaga kanka ka dube ni ba, ai ka san ba a haka tsakanina da kai.

Sale ya haɗa mini wata 'yar igiya da ke shiga wayar hannu ta fito a amfilifaya. Mun gwada. Mahaifiyarka ta tsaya can bakin rijiya ta kira ni da wayar Hanne, ana tsakiyar markaɗe. Na ji ta sarai, har tsakin da ta yi da guga ya zame mata. To ka gane yanzu? Layin da ka roƙa ka sauke, ta nan kaɗai za ka iso kunnena. In ya sauka, ka kira daga safe har yamma, ba ubanka za ka samu ba, sai wani tsoho yana cewa to, to.

Ga yadda za mu yi. Duk ranar da suka kawo lantarki zan yi maka filashin. In ka gani, ko kana tsakiyar ciniki ne, ka nemi izinin kawunka ka koma gefe inda ba janareto, ka kira. Ba ruwana da abin da za ka ce. Gaya mini kuɗin mota, gaya mini ruwan da aka yi, gaya mini abin da ka ci. Abu ɗaya kawai: kada ka yi mini ladabi. A can ba wanda zai gan ka. Miƙe tsaye, ɗaga kai, buɗe murya.

Allah Ya sa ka a hannun mutanen kirki, Ya tsare maka sallarka, Ya tsare idonka da hannunka da kunnenka. Allah Ya ba ka halal mai albarka, Ya hana ka abin da za ka sunkuyar da kai dominsa. Allah Ya sanyaya zuciyar Baffanka, Ya sa rabon gona bai zama rabon zumunci ba. Ya dawo mana da kai muna raye, da ƙafafunka. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

Allah Ya tsare mini kai, Haruna. Ka gani, na rubuta shi. Saura in ji ka amsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isuhu Sifika,
Gubuchi.